Shuɗiyar Wutar Durona

Ina ƙyasta ashana murhun ya kama da shuɗiyar wuta. Baƙina, Ardo da mutanensa, suka zuba wa murhun ido.

Na gyara zaman hula. A ajin yaƙi da jahilci na Azare na koyo cewa ruwan wankin ƙwaryar nono, in ya kwana da kashin shanu a rufaffen duro, yana ba da gas ɗin girki. Mutanen garinmu Sakwa sun daɗe suna yi mini dariya, don wari kawai durona yake bayarwa. Kullum ina matsa wa matata Sa'adiyya ta ƙara ruwan wanki.

"Ruwan da kuke zubarwa ne wannan," na ce da su.

Ardo ya jinjina kai. Na leƙa ɗaki wurin Sa'adiyya.

"A dama wa baƙi fura, a sa kindirmo mai kauri."

"Babu nono, Malam."

"Na shanun nan duka fa?"

"Ƙwarya nawa gare ni da zan yi ta wankewa? Ka ce dole wutar ta kama kafin Ardo ya zo, na juye na satin nan a duro." Ta nuna murhun da baki. "Ga shi can yana ci."

Da ruwa Ardo ya sha furarsa.