Likita Ta Ce Ya Warke

"Mama, likita ta ce na warke. Gobe zan koma tuƙi."

Tun hatsarin da ya yi da ƙanensa a mota, direban bai ƙara fita ba. Da ƙyar likitar ƙwaƙwalwa ta shawo kansa ya yarda ba laifinsa ba ne.

Uwar na ninke masa riga ta ce, "Madalla. Tunda ka yi ƙarfi, bari ka ji. Ƙanenka bai mutu nan take ba. Sunanka ya yi ta kira."

Ya durƙushe a gabanta.

Ta rungume shi tana shafa kansa. Ƙarya ta yi, ƙanen ko shurawa bai yi ba. Amma titi ya cinye mata ɗa ɗaya, ba za ta ba shi na biyu ba.