Inuwa Biyu, Lamba Ɗaya

"Mustafa, manhajarka ta buga wa mutum biyu lambar bakod iri ɗaya a kwalaben gwaji!" Dokta Halima ta dire masa kwalaben jini biyu.

Manhajar da ya rubuta wa asibitinta na Nassarawa GRA, da suna da ranar haihuwa take haɗa lambar. Ya manta cewa duk dattijon da bai san ranarsa ba, ɗaya ga Janairu ake sa masa.

Ta ce, "Inuwa Yahaya biyu ne. Mun kwantar da mai lafiya, mun sallami mai ciwon ƙoda."

Mustafa ya zauna daɓas. Jiya ya raka mahaifinsa, Malam Inuwa, filin jirgi zai tafi Umara. Tsohon har dafa kansa ya yi yana dariya: "Injin naka ya ce garau nake."