Darasin Hajiya Jawahir

"Yalla, maza ki rubuta!" in ji Hajiya Jawahir, tana kai-kawo a falon gidan kula da tsofaffi da ke unguwar Bani Malik. Shekara ashirin ta yi tana horar da masu jinyar tsofaffin da ciwon mantuwa ya kama, amma ba ta taɓa haɗuwa da sabuwar ma'aikaciya mai sanyin jiki irin Mastura ba.

"Kada ki yi gardama da su. Kada ki ce, 'Kin gane ni?' To, in tsohuwa ta nemi mijinta da ya rasu, me za ki ce mata?"

"In lallaɓa in gaya mata gaskiya?"

"Haram! Kullum ki sa ta sabuwar takaba? Ce mata ya tafi masallaci, ki zuba mata shayi. Halas, shi ke nan."

Mastura ta rubuta.

Hajiya ta zauna, ta miƙe, ta leƙa taga. Tun ɗazu aka kira la'asar. Ta laluba jakarta, babu makullin ofis. Ta murɗa ƙofar fita, ta ji ta gam.

"Wai ina Abu Bilal ne? Shekara talatin da aurenmu, bai taɓa makara wajen zuwa ɗaukata ba."

Mastura ta rufe littafinta, wanda kowane shafinsa wannan darasin ne guda ɗaya da Hajiya ke maimaita mata kullum. Ta riƙo hannun Hajiya a hankali, ta zaunar da ita.

"Ya tafi masallaci, Hajiya," ta ce, tana zuba mata shayi.