Busasshen Hannun Dominic

Kwana huɗu da yi wa Dominic aikin tiyata, ƙanwarsa Lucia ta bugo waya: "Yaya, jikin Mama ya rikice. Kai kaɗai take kira."

Ya tari acaɓa daga Sabon Gari zuwa Samaru, ɗinkin hammatarsa na ja. Tela ne, gumin tafin hannunsa ya yi ta ɓata wa mutane farin yadi har suka guje shi. Likita ya bi ta hammata ya datse jijiyar da ke kawo gumin, hannu ya bushe ƙamas. Sai dai bututun da aka zura masa a maƙogwaro lokacin aikin ya dusashe masa murya. Bai gaya wa Mama ba, don ya san za ta hana.

Tsohuwar ta daɗe ba ta gani. Ya durƙusa bakin gado, ya kama hannunta.

"Mama, ni ne."

Ta shafa tafinsa, ta sake shafawa, ta ture.

"Lucia, ina bakin mutuwa za ki yaudare ni? Tun ina goyon Dominic hannunsa bai taɓa bushewa ba."

"Allah shi ne, Mama!" in ji Lucia.

"Fitar mini da baƙon nan. Zan jira ɗana."

Numfashinta ya fara sarƙewa. Dominic ya tsoma hannayensa cikin kwanon ruwan da ke gefen gado, ya miƙa mata suna ɗiga.

Ta damƙe gam.

"Yauwa, ɗan nan, ka iso. Yanzu wani ya gama yi mini ƙarya da sunanka."