Kududdufin Bayan Gida

Da hantsi ɗakinta ya zame cikin kududdufi, da gado da jeren tasoshinta, ita tana tsakar gida riƙe da taɓarya.

Shekara da shekaru tana faɗa wa maigidanta. Tun da aka ce jirgin ƙasa zai iso Gusau ya kama gine-gine yana zuba 'yan haya, daga masu awon gyaɗa har fataken Tsafe. Sai dai bai yarda jaki ya ɗauko masa ƙasa daga nesa ba. Duk tubalin da aka yi, daga bayan gidansu aka haƙo shi. Gidajensa na tashi, ramin na matsowa. Ta yi magana har bakinta ya gaji, kullum amsarsa ɗaya: "Da saura."

Ga shi ruwan jiya ya ƙarasa aikin.

Aka kira shi, ya zo ya tsaya bakin ramin, attajirin da rabin unguwa ke kwana ƙarƙashin azararsa.

"To, Malam, ka gani?" in ji ta. "Ɗakin da na haifi ɗiyanka ke nan cikin ruwa. Ina zan kwana? Ko lungu ba ka bari babu baƙo ba!"

Ya durƙusa ya damƙo laka daga ɓaraguzan bangon, kansa a sunkuye. Zuciyarta ta fara sanyi. Ashe mutumin nan ya san asara.

Ya murza lakar a yatsunsa, ya ɗago yana murmushi.

"Wagga ƙasa ko kwaɓi ba ta so," ya ce. "A kira magina. Za ta yi shago biyu bakin tasha."