Kwandon Dzidra

Dzidra ta bi tebur-tebur da kwandon burodi, kowa na cire makullin wayarsa yana jefawa a ciki.

Garinmu biyu ne a jiki ɗaya, Valka ta Latviya da Valga ta Estoniya, ɗan rafi kawai ya raba. Ita kuwa gasar waƙar ƙasashen Turai ba ta yarda ka zaɓi ƙasarka da wayar ƙasarka ba. To, sai me? Mukan tsallaka rafin, a ari wayar maƙwabci, kowa ya zaɓi nasa. Bana ko roƙo ba a yi ba, wayoyin Valga suka hallara a kwandon Dzidra don ta yi zaɓen da su, domin wadda Latviya ta tura 'yar gida ce: Liene, tilon 'yar Dzidra, marainiyar da ta girma tana wanka a rafin nan. Mutanen Valga suka cika gidan giyar Maarika, namu na Valka suka bi su, har wurin tsayawa ya yi wuya.

Kowa ya san abin da ke gaban yarinyar. Idan ta haye zagayen wannan dare, wani kamfanin waƙa na Stockholm zai ɗauke ta, ita da garin nan kuma sai a talabijin. Idan ta faɗi, ta dawo ta ci gaba da taya uwarta gashin burodi. Dzidra ce da bakinta ta baza labarin, tana murmushi, ba wanda ba ta tare a hanya ta gaya wa ba.

Mutum ɗaya ne ya hana wayarsa. Baba Endel, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda tagarsa ke kallon tagar Liene daga tsallaken rafi. Ban taɓa jin tsohon nan ya yabi ko rana mai kyau ba.

"Wayata ba ta shiga kwandon kowa," in ji shi, ya dafe aljihu.

Aka fara gasar a talabijin. Mu dai ba kallo muke ba, zagi muke. Wani ya fito da fikafikan azurfa, aka ce zakaran Kirsimeti ne ya kuɓuce wa wuƙa. Wata ta ja murya, aka ce a kira mata likitan haƙori. Duk ƙasar da ta fito sai an tono mata tsohon laifi, waɗanda suka hana mu maki bara, da masu zaɓen junansu kamar 'yan gida ɗaya. Sai da Liene ta bayyana cikin farar riga wurin ya yi tsit.

Ban da kusurwar Baba Endel.

"Kun ji ko? Akuyar nan ce dai da ta hana ni barci tun tana goye. Yanzu sun sa mata labule, sun ba ta lasifika!"

Gatis, wani ƙaton makaniki daga Valka, ya miƙe. Da ƙyar aka zaunar da shi. Dzidra ko waiwayowa ba ta yi ba. Jar miyarta ta gwoza na gabanta, ta huce, cokali bai shiga ba.

Da aka buɗe zaɓe ta ɗauki kwandon ta nufi kicin. Maarika ta bi ta za ta taya, Dzidra ta tare ƙofa.

"Bar ni ni kaɗai, ƙawata. Surutunku sai ya sa in kuskure lamba."

Wa zai ja da uwa a irin wannan rana? Aka bar ta. Ba ta fito ba sai da aka rufe zaɓe, hannun rigarta a naɗe, damtsenta a jiƙe kamar wadda ta gama wanke-wanke. Ta ajiye kwandon a kan kanta ta koma kujerarta.

Masu gabatarwa suka shiga kiran ƙasashen da suka haye, suna jan rai kamar an biya su don su kashe mutane. Aka kira wannan, aka kira waccan. Saura gurbi ɗaya. Gatis ya rufe ido. Aka kira ƙasar mai fikafikan azurfa.

Aka nuno Liene tana tafa wa wasu, hawaye na wanke mata kwalliya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ban huce ba.

Dzidra ta tashi ta ɗaura ɗankwalinta.

"Sai haƙuri. Bari in je in kimtsa gida, jibi Liene tana hanya."

Ficewarta ke da wuya aka yi kan Baba Endel. Wani ya watsa masa giya, wata ta ce baƙin bakinsa ne ya kama yarinya. Gatis ya shaƙe shi, ya zaro wayar daga aljihunsa, ya ɗaga zai maka ta da ƙasa. Sai ya tsaya. Saƙonni ne jere a fuskar wayar, duk zuwa lambar zaɓen Liene, har da amsar da ke cewa ya ƙure iyakar ƙuri'un da aka yarda wa mutum ɗaya.

"Sake ni, ɗan banza!" in ji tsohon, yana gyara wuyan riga. "Na zaɓe ta ne ta tafi can ta zauna, kunnena ya huta. Yanzu ga shi za ta dawo mini har abada. Ku masu sonta, ina naku?"

Maarika ta jawo kwandon ta laluba tata. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ɗauki ta mijinta. Kowa ya kai hannu. Ɗaya bayan ɗaya fuskoki suka ɗago.

Wayoyi sun fi talatin a kwandon nan, kuma uwar Liene ba ta aika ƙuri'a ko ɗaya ba.