Gyaɗa Talatin a Kan Faifai

Yau kwana shida ke nan ina juya magana ɗaya a raina. Babban ɗana Mudassir ne ya zo mini da magana: wai in sayar da firizar da nake ƙanƙara da zoɓo da ita, ya zuba kuɗin a gonar kashu da shi da abokinsa za su dasa, bayan shekara biyar a mayar mini ninki uku. Ni dai bokona a aji shida ya tsaya. Da na kai kukana wurin Gwaggo Hurera, ƙanwar mahaifina, ba ta ce in ba shi ba, ba ta ce in hana ba. Misali ta ba ni, ga shi yadda na riƙe.

Wata mata ce a wani gari, sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli. Jarinta buhu goma na gyaɗa. Ta soya, ta kai niƙa, ta matse, ta sayar, ta sake saro wata. Shekara na zagayowa, bayan an cire kuɗin itace da na inji, goman nan ta zama sha biyar. Rannan sai ƙanin mijinta ya yi sallama, mutumin kirki wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya ce zai dasa mangwaro mai aure a fadama, ta ba shi buhunan nan goma ya sayar ya haƙa rijiya ya yi shinge, in itatuwa sun fara 'ya'ya sosai bayan shekara biyar ya ba ta buhu talatin, magana ta ƙare. Talatin ɗin nan ta shige mata rai. Tana tuƙa tunkuza tana jin ta, tana wanke kasko tana jin ta. Amma da yake mace ce mai tsoron da-na-sani, sai ta yafa mayafi ta nufi gidan wata tsohuwa da ta yi shekara arba'in tana awo a kasuwa.

Tsohuwa ta saurara har ƙarshe. Ta jawo faifai, ta ƙirga ƙwayar gyaɗa talatin ta zuba a kai. Ta ce, “'Yar nan, goma a hannunki tana zama nawa a shekara?” Ta ce sha biyar. Ta ce, “To ashe sha biyar ɗin baɗi goma ce ta bana. Duk shekarar da za ki zauna jira, kashi ɗaya cikin uku ya zube. Zo mu taka da baya, daga ranar da zai biya ki zuwa yau.” Ta ware goma ta watsa wa kaji, saura ashirin. Ta ware bakwai, saura sha uku. Ta ware huɗu, ta ware uku, ta ware biyu. Kaji suna ta wawaso, matar nan tana kallo kamar naman jikinta ake tsinka. Da aka taka shekara biyar, ƙwaya huɗu ce ta rage tana gangarawa a tsakiyar faifai. Tsohuwa ta ce, “Ga talatin ɗinsa nan in an kawo ta yau. Ke kuma goma za ki miƙa. Da ya rage miki sha biyu a faifan nan, da ni zan raka ki ki kai masa.”

Matar ta je ta ba ƙanin mijinta haƙuri. Maƙwabciyarta, mai irin sana'arta, ita ce ta ba shi nata buhunan goma, ta kife kaskonta, ta koma yi wa mutane aikatau a biya ta da mudu. Mangwaro kuwa ya yi albarka, mutumin bai ci amana ba, ranar da ya faɗa ya sauke buhu talatin a ƙofar gidan maƙwabciya har ana guɗa. Sai dai a cikin shekarun nan biyar matar da ta riƙe gyaɗarta ta aurar da 'ya'ya biyu da gumin kaskonta, ta rufa ɗakinta da kwano, kuma abin da ke jibge a rumbunta ya haura talatin. Masu sayen mai wurin maƙwabciyar a da duk sun dawo ƙofarta.

Nan Gwaggo ta tsaya. Da na dawo gida na zuba wake talatin a faranti na gwada nawa. Firizata ba ta kai gyaɗar matar nan haihuwa ba, ga wuta da ba ta zama, abin da nake gani takwas tana zama goma a shekara. Na riƙa cire ɗaya cikin biyar har sau biyar, ya tsaya a goma, ita ma da ƙyar. Ba riba, ba faɗuwa, in har kashun ya yi. In bai yi ba fa? Kuɗin makarantar ƙannensa uku daga bakin firizar nan yake fita. Shi kuma Mudassir shekara uku ke nan da gama karatu ba aiki, rabon da in ga fuskarsa ta washe haka har na manta. Jiya ya ce mini, “Umma, ke dai ki yarda da ni sau ɗaya.”

Jama'a, ku da kuka fi ni ilimi, ya zan yi? In miƙa masa, ko in riƙe abina in san bakin da zan lallashe shi da shi? Ni dai maganar da Gwaggo ta sallame ni da ita a bakin zaure ita ce ta ƙi barin kunnena: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.